Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin kifi na Kebbi da Neja: a raba kamun baki da kamun jiki

Zuwa ga masu girma kwamishinonin da harkar kifi ke hannunsu a jihohin Kebbi da Neja, da daraktocinsu, da iyayenmu sarakunan ruwa tun daga Yawuri har Borgu.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mun rubuto muku ne a kan ƙugiya. Dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ta yi magana filla-filla a kan raga. Ta ce idonta kada ya gaza milimita 76 sai wasu 'yan nau'o'in raga da ta keɓe, ta hana nakiya da guba da lantarki, ta kuma ba da ikon rufe ruwa na wani lokaci. Ƙugiya kuwa an bar ta ga al'ada da ganin dama. Shi ya sa a bakin ruwa ake ta jayayya a kan tambaya ɗaya: yaushe ne kifi ya kamu bisa ƙa'ida, yaushe ne aka yage shi? Ma'aikacin hukumar kifi yana da nasa gani, mai mamari, wato doguwar igiyar ƙugiyoyi marar koto, yana da nasa, mai birgi, wato ragar jefawa, da ƙugiya ta yaga wa raga yana da nasa. Muna roƙon ku rubuta amsar, ku kuma rubuta ta yadda za a iya auna ta da hannu a cikin kwalekwale.

Kamun baki shi ne kifi ya ga koto, ko ya ji warinsa, ya zo da kansa ya ɗauka, ƙugiya ta shiga daga cikin bakinsa. Fatsa haka take. Rinca ma haka take: doguwar igiya, 'ya'yanta a wawware, tsakanin wannan da wancan kamar gaba ɗaya ko fiye, kowace ƙugiya da tana ko ƙaramin kifi ko katantanwa ko gutsuren sabulu. Kamun jiki shi ne ƙugiya ta sami kifi a baya, ko ciki, ko wutsiya, ko gindin fiffike, alhali bai neme ta ba. Amma kamun jiki iri biyu ne, kuma haɗa su a hukunci ɗaya shi ne babban kuskuren da muke jin tsoron a yi.

Na farko shi ne mamari, wanda kakanninmu suka sani tun kafin a datse Kwara a Kainji a 1968. Uwar igiya ce doguwa, an ɗaura mata 'ya'ya gajeru, galibi ba su wuce taƙi ɗaya ba, a jere kusa da kusa, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. Babu koto ko ɗaya. Ana wasa ƙugiyoyin har su riƙa kama farce in an goga. Ana sa duwatsu su danne igiyar, a sa 'yan tulluwa ko gutsattsarin soso ko tsohon silifa su ɗan ɗaga ta, yadda ƙugiyoyin za su yi labule dab da ƙasan ruwa. Kifin da ke kiwo a ƙasa da dare, musamman mai fata marar ɓawo kamar tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa da ƙurungu, in ya zo wucewa sai ɗaya ta taɓa shi. Da ya zabura ya juya, maƙwabtanta biyu ko uku su kama shi. Asirin mamari ke nan: ta farko tana tsayar da shi, na kusa da ita su riƙe shi. Idan an yi tazara da yawa, ƙugiya ɗaya ce za ta shiga, kifi ya fizge, ya tafi da tsaga a jiki. Mamarin da aka yi wa rowar ƙugiya ya fi wanda aka cika ɓarna, domin yana raunata da yawa ya riƙe kaɗan.

Na biyu shi ne fizga. Mutum ya ɗauki ƙugiya babba mai baki uku, ya naɗa mata darma a jiki ko ya rataya ta a ƙarƙashinta, ya jefa bayan garken kifi, ya bari ta nutse, sannan ya riƙa fizgowa da ƙarfi, ya sassauta, ya sake fizgowa. Wannan ba ya aiki sai inda kifi ya cunkushe: ƙarƙashin madatsa, bakin rafin da ke zuba cikin gulbi, gurbin da ya rage in ruwa ya janye. Kuma kifin da ke cunkushewa a irin waɗannan wurare da damina, mafi yawa mai ƙwai ne yana neman hanyar hawa fadama. Ƙugiyar da aka fizgo da ƙarfin kafaɗa ba ta zaɓe. Ta kan ratsa uku ta riƙe ɗaya. Waɗanda ta ratsa suna tafiya da ciki a buɗe, wasu ƙwai na zuba, bayan kwana biyu ko uku a gan su sun taso a bakin ciyawa, ba mai ci sai shirwa.

Ra'ayinmu a fili yake. Fizga a hana ta a ruwan gulbi gaba ɗaya. Mamari a bar shi, amma a sa masa linzami.

Akwai wuraren da suka daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma za a ƙaru da yadda suka warware ta, ba don a kwafo dokarsu ba. A Amurka, inda kifin samon ke hawowa rafuka garke-garke don yin ƙwai, jihohi sun sha muhawara a kai. Jihar Alaska ta ce a ruwan da ba na teku ba, duk kifin da ƙugiya ta kama a wani wuri da ba baki ba, a sake shi nan take. Jihar Washintan ta ɗan faɗaɗa: ta yarda da baki da kuma kai, wato daga ƙarshen murfin kumatu zuwa gaba. Jihar Oregon ta ɗora ma'anar a kan kifin ne: shin shi ya ɗauki ƙugiyar cikin bakinsa da son ransa? Jihar Mishigan ta bi ta kan kayan aiki, ta ce a rafukanta daga 1 ga Agusta zuwa 31 ga Mayu, ƙugiya mai baki ɗaya kada buɗinta, daga tsini zuwa jiki, ya wuce rabin inci, mai baki da yawa kada ya wuce kashi uku cikin takwas na inci. Dalilin a bayyane yake: ƙaramar ƙugiya ba ta da faɗin da za ta cafki bayan babban kifi.

Sai masu wayo suka fito da wata dabara wadda ta nuna cewa kalmar “baki” kaɗai ba ta isa ba. Samon da ke hawa ruwa yana buɗe baki yana rufewa don numfashi. Mutum ya sa doguwar igiya tsakanin darma da ƙugiya, ya jefa a karkace, ruwa ya ja igiyar ta ratsa bakin kifin kamar zare tsakanin haƙora, ya ja, ƙugiya ta zo ta soke shi a gefen baki daga waje. A baki ta kama, amma kifin bai ci komai ba. Jihar Niyok ta toshe wannan a rafukan da ke zuba cikin tafkin Ontariyo da awo guda: a lokacin hawan kifi, tsakanin darma da ƙugiya kada ya wuce ƙafa 4. Ba su tsaya binciken zuciyar mutum ba, igiyarsa suka auna.

Kuma waɗannan mutanen ba su ce duk kamun jiki haram ne ba. A jihar Mizuri akwai wani babban kifi mai dogon hanci kamar filafili, wanda ƙananan halittun ruwa yake tacewa, ba ya ɗaukar koto. An ba shi lokacinsa, daga 15 ga Maris zuwa 30 ga Afrilu, ana kama shi da fizga, da iyakar adadi da iyakar tsawo. Darasin da ya shafe mu shi ne wannan: ana iya halatta kamun jiki inda akwai dalili, muddin an ƙayyade wuri da lokaci da kaya. Bambancinmu da su kuwa babba ne. Su yawanci wasa suke yi da kifi ranar hutu. Mai mamari a Zamare ko Shagunu ko Malale abincin gidansa yake nema, kuma sau da yawa ya zaɓi mamari ne don ya fi raga araha, ba ya kuma buƙatar neman koto kullum. Wanda ya hana shi kai tsaye ya tura shi ga raga mai ƙaramin ido, ko ga abin da ya fi ta muni.

Yanzu ga yadda ma'aikaci zai gane kamu da idonsa. Ya buɗe bakin kifin. Idan da kansa ya ci, tsinin ya shiga daga ciki ne ya nufi waje, ta leɓe ko ta kusurwar muƙamuƙi ko ta dasashi, ramin ƙarami ne kuma a zagaye. Tarwaɗar rinca ta kan haɗiye har maƙoshi, igiya ce kawai za a gani tana fitowa daga baki. Idan zaren nan na ratsa baki aka yi masa, ramin yana waje, tsinin ya nufi ciki. Kifin mamari yana da huji biyu zuwa huɗu kusa da juna a gefe ɗaya ko zagaye da wutsiya, ba su da zurfi, da shatin igiya inda ya nannaɗe. Kifin fizga tsaga ɗaya gare shi, doguwa, mai zurfi, ta faro daga wajen ciki ko baya ta ja, in mai ɓawo ne an kankare ɓawon a layi guda. Wanda aka nuna wa waɗannan huɗun sau ɗaya a kan tabarma ba zai sake rikita su ba.

Amma kada a kama mutum a kan kifi ɗaya. Kifin tsage yana kai wa koto bugu da gudu ya kuskure, ƙugiya ta same shi a kumatu. Ƙurungu yana shigowa da ƙayarsa a sarƙe cikin igiya. Giwan ruwa ta kan tofar da ƙugiya garin tsalle, ƙugiyar ta sake kama ta a ƙirji. Wannan tsautsayi ne, kowane mai fatsa ya san shi. Abin dubawa abu uku ne a haɗe: kayan, da motsin hannu, da yawan raunin. Ƙugiya mai baki uku da darma manne a jikinta, babu koto, babu ko gwangwanin koto a jirgi, wannan kayan fizga ne ko da ba a kama komai da shi ba. Mai fatsa na gaskiya yana jira ne sai ya ji an taɓa sannan ya ɗaga sau ɗaya. Mai fizga yana sara ne a kai a kai, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Sannan in an zube kamun mutum aka ga a cikin goma fiye da biyu ko uku a jiki aka kama su, alhali ya ce fatsa yake yi, to a duba jakarsa. Shawararmu ita ce ku ɗauki murfin kumatu ya zama iyaka ga mai fatsa: daga nan zuwa gaba kamu ne, daga nan zuwa baya a mai da shi ruwa in zai rayu. In kuwa cikinsa ya fashe, a bar masa ya ci, domin jefa mataccen kifi ruwa don cika ƙa'ida almubazzaranci ne.

Linzamin mamari yana farawa ne daga girman ƙugiya. A nan ƙa'idar ta juya: ga mai fatsa babbar ƙugiya ce abin zargi, ga mamari ƙarama ce matsala, domin ita ke kwashe 'ya'yan tarwaɗa da ƙananan ƙurungu da ba su taɓa yin ƙwai ba. Kada a rubuta lamba a doka. Lambar da ke jikin kwali tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma kasuwa ta cika da kwalaye masu lamba ɗaya da girma daban. A auna buɗin, daga tsini zuwa jiki. Muna ba da shawarar a fara da santimita 1.5 a matsayin mafi ƙanƙanta, a kuma roƙi cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta gwada wannan awon na shekara guda, a farin ruwa da baƙin ruwa, wato cikar ruwa ta damina da ta lokacin sanyi, ta gyara shi in ya kamata. Ma'auninsa ba ya cin kuɗi: ɗan falle ne na ƙarfe mai wannan faɗin, kowane maƙeri zai yanka ɗari a yini. In ya shige tsakanin tsini da jiki, ƙugiya ta wuce. In ya ƙi, a kwance ta. A ba kowane sarkin ruwa nasa, a kuma ba masu sayar da ƙugiya a kasuwar Yelwa da sauran kasuwannin bakin ruwa, domin gyara a wurin saye ya fi ƙwace a kan ruwa sauƙi.

Sai yawa. Kwali ɗaya ƙugiya 100 ne, kuma da irin tazarar mamari bai fi ya rufe mita 10 ba. Wanda ya shimfiɗa kwali talatin ko arba'in shi kaɗai da yaro ɗaya ba zai iya duba su kafin rana ta take ba. A nan asarar take. Ruwanmu mai ɗumi ne. Kifin da ya kamu da tsakar dare ya mutu kafin asuba, in bai fito ba sai azahar, ya kumbura, naman ya saki, wanda ƙugiya ta huda wa ciki ma ya fi saurin lalacewa. A kan banda ya farfashe, mai saye ya karya kuɗinsa, mai kamun ya ƙara shimfiɗa wasu kwalaye don ya cike giɓin. Muna ganin kwali goma ga kwalekwale ɗaya ya isa, a duba su sau biyu, da sassafe da kuma kafin magariba.

Wuri shi ne ya fi jawo faɗa. Kada mamari ya tare rafi daga gaɓa zuwa gaɓa. A bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na faɗin ruwan a buɗe, kuma ɓangaren mai zurfi, inda kifi ke bi, ba tudun yashi ba. Kada a shimfiɗa shi kusa da mashaya, ko mashigin shanu, ko wurin wanka da wanki, ko matsayar jirage. Mita 200 ba ta yi yawa ba. Duk wanda ya taɓa ganin an fito da yaro da ƙugiya huɗu a ƙwauri, kowace da kunnenta a cikin nama, sai an turo tsinin ya fito an datse kunnen kafin a zare, ba zai ce mun tsananta ba. Mai birgi da ya nutsa don ya ɓamɓaro ragarsa daga kututture yana cikin haɗarin da ya fi wannan, domin igiyar da ta riƙe ramboshi mai nauyin yaro za ta riƙe mutum a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka kowane mamari ya zama da alama babba a farkonsa da ƙarshensa, jarka ko gora mai tuta, da ƙananan alamu duk bayan gaba ashirin, da shaidar mai shi wadda sarkin ruwa ya sani. Wanda aka samu ba alama, a naɗe shi a kai fadar sarkin ruwa.

Akwai kuma igiyar da aka yasar. Ta dā, ta zare ko rama, in ta ɓace ta kan ruɓe. Ta roba ba ta ruɓewa, tana nan tana kamu har sai ƙugiyoyin sun yi tsatsa sun karye, kuma mushen da ke jikinta yana jawo wasu kifin, da kififiya, su ma su kamu. Mai mamarin da igiyarsa ta tsinke ya faɗa wa sarkin ruwa a ranar, a nemo ta da ƙugiyar ja, kada a ci shi tara don ya faɗi gaskiya. In aka ci tarar mai faɗa, kowa zai yi shiru.

Lokaci kuwa ruwan da kansa ya nuna shi. Kainji ruwa biyu yake samu: farin ruwa na daminarmu, wanda ke cika wajen Satumba da Oktoba, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya ratso Mali ya iso mana da sanyi. Yawancin kifinmu da farin ruwa yake hawa fadama da cikin ciyawar burgu ya yi ƙwai. A nan kifin bargi ke share sheƙarsa, a nan yauni ke gina tasa a kan ruwa yana gadi. Muna roƙon a ɗage mamari daga bakin rafuka da hanyoyin shiga fadama daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Tsakiyar tafki da babban gulbi a bar su a buɗe, rinca da fatsa su ci gaba ko'ina, don kada tukunya ta sauka. Kuma tilas ranar rufewa da ta buɗewa su zama ɗaya a jihohin biyu. Ruwa ɗaya ne. In Kebbi ta rufe Neja ta bari, jirage za su tsallaka kawai.

Ranku ya daɗe, a rubuta wannan da Hausa a takarda ɗaya mai zane: kifi da layi a kan murfin kumatunsa, hoton ƙugiyar fizga da aka soke da jan alƙalami, hoton ma'auni a cikin buɗin ƙugiya. A karanta ta a rediyo da masallatan Juma'a na garuruwan bakin ruwa, a ba mutane wata shida su canza kaya kafin a fara hukunci. Karo na farko a kwance kayan da suka saɓa a gaban sarkin ruwa, a bar wa mutum jirginsa da kifinsa. Tara ta zo a karo na biyu, da rasiɗi. Kafin a sa hannu, muna roƙon a kira zama ɗaya a Yawuri, ɗaya a New Bussa, a gayyato masu mamari da masu birgi da masu ragar kalli da matan da ke banda, kowa ya zo da kayan aikinsa a shimfiɗa a ƙasa, a auna a gaban jama'a. In an sa ranar kafin ruwan Yuli ya sauko, za a iya fara aiki da ƙa'idar a daminar bana.

Allah ya ja zamaninku, ya yi muku jagora. Wassalam.

Daga wasu masunta da malaman kamun kifi na yankin Yawuri da Borgu.